In Allah mai ƙauna ne, don mi ya bar ɗiyar ƙanwata ta mutu?

Ɗan Ader: Salamar Ubangiji gare ku 'yan'uwa. Ku yi mini haƙuri da tsawon saƙo, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Ɗiyar ƙanwata ta rasu ran Talata can ƙauyenmu bayan Tawa, shekararta ukku da wata huɗu. Masassarar damana ce, palu. Ta kama ta Lahadi da dare, Litinin anka ba ta abin da ke akwai a gida ana neman kuɗin mota, ga ruwa anka sha kwarin da ke tsakaninmu da hanya ya cika babu mai ƙetarewa, sai Talata da asuba anka ɗora su bisa amalanke har bakin kwalta, koda sunka isa asibiti anka ce jininta ya ƙare sai an ƙara mata, ana cikin neman jinin ta cika bisa cinyar uwatta. Ƙanwar nan tawa ita ka jan waƙa a zumuntar mata, shekara shida tana roƙon haihuwa tana azumi kafin ta samu yarinyar ga. Na kira ta, abin da ta ce mini kawai, yaya in ba ya son in riƙe ta don mi ya ba ni ita? Na yi shiru. Ni da nike koya ma yara ran Lahadi cewa Allah ƙauna ne na rasa ko kalma guda. Don Allah wanda ya san amsa ya gaya mini, in yana da iko kuma yana ƙauna, mi ya hana shi tsaida ruwan kwarin nan na kwana guda?

Maman Dauda: Wayyo. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya riƙe zuciyar uwar. Sannu ƙanena.

Yaron Harobanda: Sannunku da rashi yaya. Allah ya ba da haƙuri

Sojan Almasihu: Sannu ɗan'uwa. Amma ka riƙe Romawa 8:28, komi na aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Kuma gaskiya sai an faɗa ko da ɗaci, irin wannan abu ba ya faruwa haka kawai. Gidajenmu da yawa kakanni sun yi bori sun yi yanka a gindin itace, akwai alkawura da ba a karya ba, ƙofa ce a buɗe ga Shaiɗan. Shekara shida ba haihuwa sannan ta zo ta tafi, ku bincika gidan, a yi azumin kwana ukku a karya abin.

Ɗan Ader: Wato laifin kakanmu da ya mutu tun ba a haife ni ba shi anka ɗora ma yarinya 'yar shekara ukku? Haka kake so in je in ce ma ƙanwata?

Baba Dattijo: Ɗana Soja, ja da baya kaɗan. Na san da kyakkyawar zuciya ka rubuta amma maganar nan an taɓa kai ta gaban Yesu da kansa kuma ya ture ta. Buɗe Yohanna 9. Almajirai sun ga mutum da aka haifa makaho suka ce Malam wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. Buɗe Luka 13 kuma, mutum 18 hasumiyar Siluwam ta faɗa wa suka mutu, ya tambayi jama'a kuna tsammani sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne, ya amsa da kansa ya ce a'a. Ezekiyel 18 ma ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Ku tuna watan Afrilu na 2021 da gobara ta tashi a azuzuwan zana nan unguwar Pays-Bas ta Yamai, ƙananan yara wajen 20 suka ƙone, yawancinsu 'yan jardan ne, wato ajin kafin firamare. Za ka iya tsayawa gaban iyayen nan ka ce su binciki kakanninsu? Idan ba za ka iya faɗa musu ba kar ka faɗa wa wannan.

Sojan Almasihu: Baba ban ce yarinyar ta yi zunubi ba fa. Amma Fitowa 20 ta yi maganar tsara ta ukku da ta huɗu, ba ni na rubuta ba

Baba Dattijo: Karanta ayar har ƙarshe, ta waɗanda suke ƙina ta ce. Matar da ke jan waƙa a gidan Ubangiji tana cikin masu ƙinsa?

Ɗalibi Abdu Mumuni: Ina yi muku ta'aziyya yaya. Bari in sa baki da ɗan abin da na karanta, a gyara mini inda na kauce. Tambayar nan tsohuwa ce sosai, tun kafin zuwan Almasihu masu falsafa na Girka suke jujjuya ta: in yana so ya hana mugunta bai iya ba to ba mai iko ba ne, in ya iya bai so ba to ba nagari ba ne. Amsar da ekklesiya ta fi daɗewa da ita ta Agustin ce, kuma ɗan Afirka ne, bishop na Hippo wadda yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rasu shekara ta 430. Shi cewa ya yi mugunta ba halitta ba ce da Allah ya ƙera kamar yadda ya ƙera rana da gero, rashin nagarta ce, kamar ɓula a jikin zane, masaƙi ya saƙa zane amma ɓular ba saƙa ba ce. Kuma ɓular ta shigo ne ta wurin 'yancin zaɓi. Allah ya so mutane masu ƙaunarsa da son ransu, ba jakin da aka ɗaure a turke ba, to wanda zai iya cewa i dole ya iya cewa a'a. Waɗanda suka hau babura suka shiga ƙauyukan Tillia a watan Maris na 2021 suka kashe mutum 137, ba Allah ya riƙe musu bindiga ba, su suka zaɓa.

Ɗan Ader: Na gode ƙanena, kuma na yarda da kai a kan Tillia, jiharmu ce mun san abin da ya faru. Mutum ya ɗauki bindiga, laifinai ne. Amma sauro fa? Sauro na da 'yancin zaɓi? Ruwan da ya cika kwari wa ya zaɓe shi? Ba mutum ya kashe yarinyar ga ba. Kuma ko a Tillia ɗin, shi mai bindiga an ba shi 'yanci, to yaron da anka harbe ina nashi 'yancin?

Ɗalibi Abdu Mumuni: Nan ne wurin ya yi tsauri gaskiya. Abin da Bulus ya ce a Romawa 8 shi ne halitta duka tana nishi kamar mace mai naƙuda, wato faɗuwar mutum ba mutum kaɗai ta taɓa ba har ƙasa da iska da jiki. Duniyar da muke ciki ba yadda aka nufe ta take ba. Amma in ka ce mini me ya sa ita ce ba wata ba, me ya sa ran Talata, ba ni da amsa, kuma ban ga wanda ya rubuta amsar da ta kwantar mini da rai ba.

Maman Dauda: Ni aikin jinya nake yi shekara goma sha, ku bar ni in faɗi abin da idona ke gani kowace damana. Daga Agusta zuwa Oktoba ɗakin yara cika yake har a ƙasa ake shimfiɗa, gado ɗaya yara biyu wani lokaci ukku. Palu cuta ce da aka san maganinta, an san abin da ke kawo ta, gwajin ma minti goma sha biyar ne a ɗan yatsa. Akwai maganin rigakafi da ake rabawa gida gida wata wata lokacin damana ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, akwai sange, kuma tun 2006 doka ta ce yaro ƙasa da shekara biyar kyauta ake duba shi. Amma kyautar ba ta biyan kuɗin mota, ba ta gina gada a kan kwari, kuma ba ta cika firijin jini in mutane ba su zo sun bayar ba. Yaran da ke mutuwa a hannunmu mafi yawa latti ne da ƙarancin jini. Ni idan na ji ana cewa Allah ya ba da Allah ya karɓa sai zuciyata ta yi zafi, don wani lokacin leda ɗaya ta jini ce tsakanin yaro da kabari.

Ɗan Ader: Anti kina nufin sakacin ƙanwata ne? Ta bi gida huɗu tana neman rancen jikka biyar ranar Litinin

Maman Dauda: A'a a'a ƙanena, Allah ya kiyaye, yafe mini in haka maganar ta fito. Ita ta yi iyakar ƙoƙarin uwa. Mu nake nufi, ni da ku da ke zaune Yamai da lafiyarmu. A cikin gurup ɗin nan mun fi mutum ɗari, wa ya taɓa zuwa ya ba da jini ba tare da ɗan'uwansa ne ke kwance ba? Muna tambayar Allah ina yake, ni ina jin tsoron ranar da zai tambaye mu, ina rashin lafiya kun zo? Matiyu 25 ke nan. Mutanen da suka kafa asibitin Galmi a 1950 da wurin kutare na Danja kusa da Maraɗi sun ga irin wannan wahalar, ba su tsaya sai sun warware tambayar ba kafin su ɗora tubali.

Yaron Harobanda: Gaskiya ne anti. Mu a 2020 da kogi ya fasa dik, wato bangon tare ruwa, ya shigo unguwar Lamorde ta Yamai da dare, ba wa'azi ya cece mu ba, masu kwalekwale ne. Amma duk da haka tambayar yaya tana nan fa. Ko da mutane sun gaza, shi Allah ai ba ya gazawa, zai iya cike gurbin

Ɗan Ader: Yawwa. Abin da ka cina ke nan. Na yarda mutane sun gaza. To uba da ya ga ɗiyarshi za ta faɗa rijiya, zai tsaya ya ce ai aikin maƙwabta ne su rufe rijiyar?

Alhajin Wadata: Assalamu alaikum. Ni musulmi ne, ɗan'uwana ya sa ni a nan tun lokacin bikinsu, ban saba magana ba. Ta'aziyya kawai na zo yi. Mu ma muna da Annabi Ayuba kuma mun san zafin rasa ɗa, na binne biyu. Allah ya ba mahaifiyar haƙuri da dangana.

Ɗan Ader: Amin Alhaji, na gode ƙwarai. Allah ya saka.

Inna Saratu: Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Ɗana, ni ba mai karatu ba ce amma zan ba ka labarina. Ran Asabar 17 ga Janairu 2015, kashegarin tarzomar da aka yi a Damagaram, ina cikin gida muka ji ihu, kafin azahar hayaƙi ya tashi ko'ina a Yamai. 'Yan sanda daga baya sun ce majami'u 45 aka ƙone a garin nan. Tamu na ciki. Benci da muka yi shekaru muna tara dala dala muka saya, ganguna, littattafan waƙa, komi ya zama toka, a kan zanen da wasu suka yi a Faransa da ba mu taɓa gani ba. Maƙwabciyata Hajiya ita ta jawo mu ni da jikokina ta sa mu a ƙuryar ɗakinta ta ɗaura mini lulluɓinta, mijinta ya zauna ƙofar gida har dare. Washegari Lahadi muka taru cikin tokar, ana ta waƙa ana cewa mun gafarta. Ni bakina na waƙa amma cikina yana cewa Ubangiji kana ina jiya? Wata shida ban iya addu'a ba, in na durƙusa sai kuka. Ban gaya wa kowa ba don kunya, ni da ake kira uwar zumunta. Ba wata amsa da ta zo mini. Abin da ya faru kawai, wata ranar Juma'a Mai Kyau ana karanta inda Yesu ya ta da murya a kan gicciye ya ce Allahna Allahna don me ka yashe ni, sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi, na ce ashe shi ma ya yi tambayar nan. Ashe ba zunubi ba ne. Daga ranar na koma yi masa magana, da faɗa da kuka duka. Kafin wannan na rasa ɗa ɗan wata takwas a yunwar 1984, har yau ban san dalili ba, kuma har yau in na ga sa'o'insa da furfura a gemu sai in lissafa.

Maman Dauda: Inna kin sa ni hawaye a wurin aiki

Ɗan Ader: Inna na gode. Wannan ne saƙo na farko da na karanta sau ukku.

Sojan Almasihu: Amma inna yi wa Allah faɗa ba rashin bangaskiya ba ne? Ayuba ai cewa ya yi Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa, bai yi gunaguni ba

Fasto: Salama. Yanzu na dawo daga ziyara na tarar da saƙonni, na karanta duka. Ɗan'uwana, sannu da wannan babban rashi. Soja, ka tsaya a sura 1 ne, littafin sura 42 gare shi. A sura 3 Ayuba ya la'anci ranar da aka haife shi. Daga nan har wajen sura 31 gardama yake yi, yana cewa a nuna mini inda zan same shi in kai ƙarata. Abokansa ukku da suka zo, Elifaz da Bildad da Zofar, kwana bakwai suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi a littafin. Da suka buɗe baki sai suka fara abin da muka saba yi a gidan makoki, lalle akwai abin da ka yi, lalle 'ya'yanka sun yi laifi, Allah ba ya hukunta marar laifi. Suna kare Allah ne a ganinsu. To duba 42:7, Allah ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu don ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Mai kukan aka ba gaskiya, masu bayanin aka tsawata wa. Kuma ku lura, da Allah ya yi magana daga cikin guguwa bai gaya wa Ayuba dalilin ba ko kaɗan, mu masu karatu mun ga abin da ya faru a sura 1 da 2, shi bai taɓa sani ba har ya mutu.

Fasto: Zabura 88 ma tana nan, addu'a ce da ta ƙare cikin duhu ba ko kalmar yabo a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta cikin littafinsa. Habakuk ya fara ne da har yaushe zan yi ta kira ba ka ji. Don haka ƙanwarka ba ta yi saɓo ba. Game da misalin rijiyar da ka kawo, ba zan yi maka ƙarya ba, ban san me ya sa bai tsaida ruwan ba. Shekara ashirin da wani abu ina binne mutane, har da yaran da ni na yi musu addu'ar suna, ban sani ba. Abin da na sani, kuma a kansa na jingina raina, Allahn da muke bi bai zauna a sama yana kallon rijiyar ba, ya shigo cikinta. An haife shi a garin da Hirudus ya sa aka karkashe jarirai, ya yi gudun hijira zuwa Masar a goye, ya ji yunwa, abokinsa ya sayar da shi, aka yi masa shari'ar zalunci aka kashe shi uwarsa na tsaye tana kallo. Uba ya san mene ne mutuwar ɗa. A kabarin Li'azaru ya san zai tashe shi nan da ɗan lokaci amma sai da ya yi kuka, bai ce wa Maryamu da Marta ku yi shiru nufin Allah ne ba. Bulus ya kira mutuwa maƙiyiya, maƙiyiya ta ƙarshe da za a hallaka, 1 Korantiyawa 15. Kar wanda ya sa ƙanwarka ta kira maƙiyiya da sunan kyauta.

Ɗan Ader: Fasto na ji. Amma Li'azaru ya tashi ranar. Marta ta koma gida da ɗan'uwanta. Ƙanwata ta koma gida da zanen goyo.

Fasto: Haka ne. Ba ni da abin da zan ce a kan wannan da zai rage nauyinsa. Abu ɗaya kawai da wani tsohon mai bishara ya nuna mini ina saurayi. A ƙarshen Ayuba an ninka masa komi, tumaki 7000 suka zama 14000, raƙuma 3000 suka zama 6000, amma 'ya'ya goma ya rasa goma aka ba shi, ba ashirin ba. Tsohon ya ce don goman farko ba su ɓata ba, suna nan a lissafi. Fassararsa ce, ba aya ba ce, amma ni na riƙe ta. Yesu ya ce a bar yara ƙanana su zo wurinsa, kuma kabarinsa fanko ne. In wannan ba gaskiya ba ne to ba mu da komi da za mu ce wa ƙanwarka, in gaskiya ne to rabuwar tana da iyaka. Sai dai kar ka je mata da wannan ranar farko.

Ɗalibi Abdu Mumuni: Fasto to Romawa 8:28 ɗin fa, ba ta aiki a nan ne?

Fasto: Tana aiki, amma Yusufu ne ya ce wa 'yan'uwansa kun nufe ni da mugunta Allah ya nufe shi da alheri, kuma bayan shekaru fiye da ashirin ya faɗa, da bakinsa. Ba wani ya leƙa cikin ramin ranar da aka jefa shi ya faɗa masa ba.

Sojan Almasihu: Yaya ka yafe mini. Na yi gaggawar magana. Har yanzu ina ganin akwai yaƙin ruhu a duniya amma bai kamata in ɗora shi a gidanku ba alhali ban san komi ba

Ɗan Ader: Ba komi ƙanena, ya wuce. Ku dai yi mana addu'a don ni kaina har yanzu zuciyata ba ta sauka ba, ba zan ɓoye muku ba. Na yanki tikiti, jibi da asuba zan hau bis in Allah ya yarda, in mun wuce Ƙonni lafiya in kwana Tawa, washegari in nemi babur zuwa ƙauye in kwarin ya janye. Ajin yara na Lahadi wani ya riƙe mini, ba zan iya tsayawa gabansu satin nan ba.

Yaron Harobanda: Ni zan riƙe ajin yaya, kar ka damu

Maman Dauda: Zumuntar mata mun yi magana, za mu haɗa ɗan abin da ya samu da sukari da sabulu, a kawo gidana kafin gobe da yamma in kai masa tasha. Kuma ran Asabar ƙarfe takwas zan tsaya ƙofar wurin ba da jini, wanda ya kai shekara 18 kuma yana da lafiya ya karya kumallo ya zo. Ku rubuta suna nan ƙasa in san ku nawa ne.

Ɗalibi Abdu Mumuni: Ni ɗaya, zan zo da abokan ɗakina biyu

Alhajin Wadata: A sa ni.

Sojan Almasihu: Ni ma

Ɗan Ader: Inna, in na shiga ɗakin ta sake yi mini tambayar nan fa, mi zan ce?

Inna Saratu: Ka ce ban sani ba ƙanwata, ka zauna a tabarmar. Ka kira sunan yarinyar, kar ka ji tsoro, kowa zai riƙa kauce wa sunan kuma ita shi take so ta ji. Ka tabbata ta ci abinci. In mutane sun watse bayan kwana bakwai ka kira ni ka ba ta wayar.